Sirdi Na Zamewa? Ba Kullum Laifin Majayi Ba Ne

Da zarar sirdi ya fara karkacewa, yawancin mahaya majayi, wato igiyar da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, suke ƙara ja, har doki ya riƙa nishi. Majayi riƙo kawai yake yi. Sirdin da bai dace da bayan doki ba, ko an ɗaure shi tamau sai ya motsa, a ƙarshe kuma a sami miki a ƙarƙashin ciki.

A fara gwadawa ba shimfiɗa ko ɗaya. A tsayar da doki a filin da ba gangara, a ɗora sirdin a tsiraicin baya, ɗan gaba kaɗan, a ja shi baya a hankali har ya tsaya da kansa. Mazauninsa ke nan, kamar yatsu 2 zuwa 3 bayan ƙashin kafaɗa. Bayan sirdin kada ya wuce haƙarƙarin ƙarshe, domin daga nan babu haƙarƙarin da zai tallafi nauyi.

Sai a duba ƙarƙashin kwacciya, wato tudun gaban sirdi. Tsakaninta da tudun kafaɗar doki ya kamata yatsu 3 su shiga a tsaye, kuma ko an hau kada su kasa 2. A leƙa ta baya: haske ya ratsa tun daga gaba, alamar icen sirdin bai taɓa ƙashin baya ba. A zura hannu ƙarƙashin sirdin ta kowane gefe, a shafa daga gaba zuwa baya. Inda hannu ya maƙale akwai matsi, inda ya ji rami kuma nauyi ya koma kan gaba da bayan sirdin.

Inda sirdin ke zamewa shi ke faɗin laifin. In gaba yake yi yana hawa kafaɗa, galibi ya yi wa dokin faɗi, ko dokin mai tumbi ne, majayi na gangarowa hammata yana jawo sirdin. In baya yake yi, doki ne mai dogon tudun kafaɗa ko wanda ya rame, kuma madaurin ƙirji na taimakawa, musamman wajen sukuwa. Na gefe ya fi wuya. A fara auna igiyoyin likkafa, don ta hagu takan miƙe saboda ta nan ake hawa kullum. A duba huhu, wato matashin da ke ƙarƙashin sirdi, ko ya kwanta a gefe ɗaya, baduku zai sake cusa shi. A dafe kwacciya a cinya a jawo bayan sirdin, in ya yi ƙara ko ya lanƙwasa, icen ya karye, sai a ajiye shi. Idan duk wannan lafiya, kuma ko an sauya sirdi da mahayi gefe ɗaya yake faɗawa, to a kira likitan dabbobi. Ɗingishin ƙafar baya da ido bai cika kamawa ba yana jawo haka.

Shimfiɗa na gyara sirdin da ya ɗan yi faɗi, amma matsattse ƙara masa matsi take yi, kamar safa mai kauri a ƙaramin takalmi. A nan kayan hawan sallah ke da nasu rikicin: zubka, jalala da sauran ado, kowane yadi da aka ƙara yana nesanta sirdi daga jikin doki, ya sa shi mirginawa. Gara a gwada cikakken kayan wajen kilisa tun kafin ranar hawa. Dokin da aka yi wa kiwon dawa da dusa ma ba shi ne na ƙarshen rani ba, bayansa ya sauya.

Majayi ya zauna kamar faɗin tafin hannu bayan gwiwar ƙafar gaba. A ɗaura sako-sako, a ja dokin ya ɗan taka, domin da yawa suna kumbura ciki lokacin ɗauri, sannan a ƙara. Yatsu 2 a kwance su iya shiga. A ɗaga kowace ƙafar gaba a miƙe ta, fatar da ta tattare ta saki. Bayan minti 10 da hawa a sake dubawa.

In an sauke sirdi, a kalli zufa. Ya kamata ta jiƙa gefen biyu iri ɗaya. Busasshen wuri a tsakiyar jiƙa, gashi a hargitse, ko kumburi mai ɗumi, duk matsi ne. Farin gashi a wurin kuwa tabon tsohon matsi ne, kuma dokin da ya riga ya yi miki ba a ɗora masa sirdi sai fatar ta warke sarai.