Gishirin titi da tsatsar mota: yadda nake fitar da motata daga hunturun Ottawa

Duk wanda zai riƙe mota a Ottawa, babban birnin Kanada, da gishiri zai yi fama fiye da sanyi. Sanyi yakan hana mota tashi da asuba, ya manne ƙofa, ya rage wa taya iska, amma ɓarnarsa ta yini guda ce. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ne mai zama: ya shige ƙarƙashin mota, ya maƙale a lungunan da ido ba ya kaiwa, ya yi ta cin ƙarfe har bayan hunturu ya wuce.

Kuma ba ɗan barbaɗawa ake yi ba. Garin nan yakan samu dusar ƙanƙara sama da mita 2 a shekara, Kanada gaba ɗaya kuwa tana zuba gishiri kimanin tan miliyan 5 a titunanta kowane hunturu. Akwai mahaƙar Goderich a nan lardin Ontario, ƙarƙashin tafkin Huron, zurfinta ya haura mita 500, babu mahaƙar gishiri ta ƙarƙashin ƙasa da ta kai ta girma a duniya. Ban da na tsakuwa da manyan motoci ke watsawa, akwai na ruwa. Kafin dusa ta sauko za ka ga fararen layuka a jere a kan kwalta, ruwan gishiri ne aka fesa don kada ƙanƙara ta kama titi. Ni ban ga laifin hukuma ba. Wanda ya taɓa taka birki a kan ƙanƙara motar ta ci gaba da tafiya abinta ya san amfanin gishirin nan. Sai dai kuɗin gyara a aljihun mai mota yake faɗawa.

Motata ta hannu ce, fentinta sai ƙyalli. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a garin, shi ya raka ni wurin bakanike a watan Oktoba, ya sa aka ɗaga ta sama. "Ɗana, bar kallon fenti," in ji shi, "motar ƙasar nan daga ƙasa ake duba ta." Ya karɓi tocila ya riƙa haska mini wuri-wuri: leɓen madigadi ta ciki inda taya ke watso caɓi, dogon ƙarfen da ke kwance ƙasan ƙofofi, gindin ƙofofin kansu inda ƙananan ramukan fitar ruwa suke, siraran bututan birki da na mai, ƙarfen da ke ɗauke da inji, da salansa. Na ce, "Baba, ai ban ga rami ko ɗaya ba." Ya ce ranar da na ga fenti ya kumburo, aikin gama ya riga ya gama, domin tsatsa irin cin gara take yi wa azara, ta cinye ciki ta bar maka bawo.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tsatsa tana bukatar ƙarfe da iska da ruwa. Ruwan da gishiri ya narke a ciki ya fi ruwan zalla ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, shi ya sa yake gaggauta cin ƙarfe. Ga kuma wani abin: gishirin da muka sani ƙarfinsa yakan ragu idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, sai a haɗa da wasu nau'o'in gishiri, na kalsiyam ko na maganisiyam, masu aiki a sanyin da ya fi haka. Su waɗannan janyo laima suke yi daga iska. Ka ga titi ya bushe, ka ɗauka ƙasan motarka ma ya bushe, alhali yana nan a jiƙe.

Daga nan na fahimci abin da har yanzu shi ne ginshiƙin duk abin da nake yi: ranar tsananin sanyi, lokacin da komai ya daskare kamar dutse, tsatsa kusan barci take. Ranar da aka samu sassauci, zafi ya hau sifili, caɓin da ke manne a ƙasan mota ya narke, ranar take cin kasuwarta.

Saboda haka garejin ƙarƙashin bene mai ɗumi, wanda kowa ke rububin samu, yana da nasa sharrin. Da daɗi kam, ka fito da safe babu kankare gilashi, inji ya tashi bugu ɗaya. Amma kowane dare kana shigar da mota ɗauke da dunƙulen ƙanƙara mai gishiri cikin ɗumi da laima, ya narke ya kwana yana aiki, da safe ka fita ka ɗebo sabo. Motar da ke kwana a waje cikin sanyi ba ta shan wannan. Ban ce a ƙi gareji ba, ni ma da na samu na shiga. Na dai ƙara yawan wanki, kuma kafin in shiga nakan tsaya in buge dunƙulen da ke rataye a bayan tayoyi da ƙafa.

Babban aikin shekara shi ne feshin mai, kuma tun kafin dusar farko ake yinsa, Satumba ko Oktoba, lokacin da ƙasan mota yake a bushe. Akwai wuraren da sana'arsu ke nan, irin su Krown da Rust Check. Sukan huda ƙananan ramuka a gefen ƙofofi da ƙarfen ƙasansu, su zura dogon bututu su fesa wani siririn mai a ciki, su toshe ramukan da 'yan robobi, sannan su bi duk ƙarƙashin motar. Man yakan bi haɗin ƙarfe ya kutsa inda ruwa zai kutsa, ya kore shi. Kuɗin bai wuce dalar Kanada 150 ko kusa da haka ba ga ƙaramar mota, kuma duk shekara ake sabuntawa. Kwana biyu motar za ta yi tana ɗiga, don haka ba a ajiye ta a ƙofar gidan mutane, salansa kuma zai ɗan yi hayaƙi da wari kafin man da ya taɓa shi ya ƙone. Mai sabuwar mota ya karanta takardar garantinsa kafin ya yarda a huda masa ƙofa. Masu son yi da hannunsu sukan sayi Fluid Film, wanda ake yi da maiƙon gashin tumaki. Ni ma ina ajiye gwangwani ɗaya don maƙallan ƙofa da na bonet da kan kusoshi.

Abin da na ƙi shi ne baƙin shafe mai kauri irin na kwalta ko roba. A kan sabon ƙarfe mai tsabta yana iya yin amfani. A kan motar hannu da tsatsa ta riga ta fara, rufe ciwo ne kawai: ya bushe, ya tsage, ruwan gishiri ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Akwai kuma ɗan akwatin lantarki da dillalai ke tallatawa wai yana hana tsatsa. Dabarar kare ƙarfe da lantarki gaskiya ce ga jirgin ruwa da bututun da ke binne a ƙasa, domin suna nutse cikin abin da ke ɗaukar lantarkin. Mota kuwa a kan tayoyin roba take tsaye cikin iska. Ban saka kuɗina a wurin ba.

Sai wanki. Wankin hunturu ba na ado ba ne, ko an wanke ta tas, kafin ka kai gida ta koma fara fat da gishiri. Abin da nake biya dominsa shi ne ruwan da ke feso mota daga ƙasa. Nakan duba hasashen yanayi, duk ranar da zafi ya kusanci sifili ko ya haura, musamman bayan an yi dusa an watsa gishiri, sai in je. A irin ranar layin wurin wanki har titi yake kaiwa, kowa ya san dawan garin. Ranar da ake digiri 20 ƙasa da sifili ba na zuwa, domin ruwan zai daskare a makulli da robar ƙofa, ka kwana da mota ka tashi ba ta buɗuwa. Bayan wanki nakan goge robobin ƙofa da tsumma, kuma tun farkon hunturu nake shafa musu man silikon. Ina fitowa kuma sai in ɗan tattaka birki a hankali don ya bushe. A wurin da mutum ke wanki da kansa, nakan sa bakin tiyo cikin madigadi in bi leɓensa sosai, nan ne laka mai gishiri ke taruwa. Sai dai ba na matsa ruwa mai ƙarfi kusa-kusa a ƙasan motar, kada in wanke man da na biya aka fesa.

Fenti ma ina ba shi haƙƙinsa, amma kaɗan ya ishe shi: a shafa masa kakin mota kafin Nuwamba, duk inda tsakuwa ta ɓantare a ɗiga ɗan fenti kafin ruwa ya samu ƙarfe. In na ga motar watsa gishiri a gaba, nakan ja baya sosai. A ciki kuwa, shimfiɗar roba mai baki nake sawa, domin dusar da ke bin takalmi tana narkewa ta ratsa kafet ta ci ƙasan mota ta sama. Farin tabon da gishiri ke bari a kafet, ruwan khal da ruwan ɗumi rabi da rabi yana fitar da shi.

Sauran shirin kowa zai gaya maka. Tayar hunturu, mai tambarin dutse da ƙwayar dusa a gefe, ana sa ta idan zafi ya sauko ƙasa da digiri 7, domin robar taya ta yau da kullum takan ƙandare. A Ontario ba dole ba ce, sai dai kamfanonin inshora suna rage wa mai ita kuɗi. Da ka haye kogi zuwa garin Gatineau na lardin Kebek, motar da ke da rajistar Kebek doka ta tilasta mata daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Nawa a kan baƙaƙen rim na ƙarfe suke, na alminiyam suna hutawa a ɗaki, don gishiri yana ɓata su. A auna iskar taya duk lokacin da sanyi ya ƙaru, a gwada batir tun kaka, a zuba ruwan wanke gilashi mai jure digiri 40 ƙasa da sifili, a kuma riƙe jarka ɗaya a but, domin a babbar hanya ta 417 feshin motar gabanka kan rufe gilashi cikin 'yan daƙiƙu.

Ita dusar kanta ba ta da mugunta irin ta gishiri, amma tana da ƙa'ida. Ba a zuba wa gilashi ruwan zafi, zai iya tsagewa. Ba a sa shebur a jikin fenti, buroshi mai taushi ake sawa. A share rufin mota duka, kada ta zame ta rufe maka gilashi in ka taka birki, ko ta tashi ta faɗa wa na bayanka. Idan aka yi hasashen saukar dusa santimita 7 ko fiye, birnin yakan hana ajiye mota a gefen titi don motocin shara su wuce. Wanda ya bar tasa zai tarar da takardar tara, da tudun dusa mai gishiri da aka ture mata. Abu ɗaya ne ba na wasa da shi ko kaɗan: kafin in tayar da motar da dusa ta binne, sai na tone bakin salansa. In ya toshe, hayaƙin da ba shi da wari yakan dawo cikin mota ya kashe mutum yana zaune. A guguwar Buffalo ta Disambar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 40, wasu a cikin motocinsu aka same su.

Tsatsar ma ba maganar kyan gani kaɗai ba ce. A 2015 hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, bayan dogon bincike kan bututan birki da tsatsa ta huda, ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin da ake zuba gishiri da su riƙa wanke ƙasan mota, su kuma sa a duba musu bututan. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta ci. Shi ya sa duk lokacin da za a sauya mini taya, sau biyu a shekara, nakan roƙi bakanike ya bar ni in leƙa bututan birki da idona tun motar tana sama.

Wankin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina na watan Afrilu ne, bayan ruwan sama ya wanke tituna. Mutane sukan saki jiki a lokacin, alhali ɗumi ya dawo kuma gishirin wata biyar yana nan a lungu. Nakan cire shimfiɗun roba in shanya kafet, in zura waya a ramukan gindin ƙofa in buɗe su, in wanke ƙasan motar a tsanake.

Wannan ilimi ya yi wa ƙanena amfani a Kano, inda ko ƙwayar dusa ba ta taɓa sauka ba. Da yawa daga cikin tokumbo da ake saukewa a Kwatano da Legas daga Amurka da Kanada suke, kuma wadda ta yi shekaru a Ontario ko Michigan ko New York ba ɗaya take da wadda ta fito daga Arizona ba, ko da shekararsu da fentinsu ɗaya. Da zai sayi tasa, na ce ya turo mini lambar shasi in duba tarihin inda aka yi mata rajista, shi kuma ya sa a hau da ita kan rami, ya bi bututan birki da tocila, ya dunguri ƙarfen ƙasan ƙofa da sukudireba, ya ɗaga kafet ɗin but ya duba mazaunin safaya. Ta farkon da aka nuna masa ƙasanta baƙi ƙirin yake da sabon fenti har kan kusoshi, na ce ya bar musu kayansu. Ta biyun, wadda ta fito daga Texas, ƙasanta ƙura ce kawai, ita ya saya.