Yadda keke ya ja ni na riƙe diga a dajin Sukotlan

Ni fa hawan keke kawai na je yi. Ina karatu a Edinbara, wani ɗan ajinmu ya matsa sai na raka shi Glentress, dajin nan na kusa da garin Peebles inda aka yi gasar duniya ta keken dutse, wato keken hawan tudu da daji, a watan Agustan 2023. Na karɓi keken haya, aka nuna min hanyoyin kala-kala, kore ta 'yan koyo, sai shuɗiya, sai ja, sai baƙa ta waɗanda suka sallama ƙasusuwansu. Shuɗiya na bi kuma duk da haka sau biyu ina shan ƙasa. Amma abin ya shiga raina.

A can na ji cewa da yawa daga hanyoyin da ke kwarin kogin Tweed, musamman masu gangara na wajen garin Innerleithen, mahaya keken ne da kansu suka haƙa da hannu, ba wanda ya biya su ko sisi. Aikin gayya kenan, sai dai babu kiɗa babu fura, shayi ne a fulas da biskit. Na sa sunana don ranar wata Asabar. Da na faɗa wa Baba a waya sai ya yi shiru, can ya ce "wato gonar da ka gudu ka bari ita ka je ka tarar, kuma kyauta?" Na ce Baba ai lada ne. Ya ce to Allah ya ba da ladan.

Ba haka kawai ake shiga daji da diga ba. Dokar ƙasar ta 2003 ta ba kowa damar yawo ko hawan keke kusan ko'ina in dai ba ɓarna zai yi ba, amma haƙa sai da izinin mai ƙasa, kuma yawancin dazukan nan na hukumar gandun daji ta gwamnati ne. Namu wurin, guguwar Arwen ta watan Nuwamban 2021 ce ta kwantar da itatuwa kan tsohuwar hanya, saiwoyi sun ɗago sama kamar bangon ɗaki, shi ne aka yarda a fitar da sabuwa ta gefe.

Mu goma sha biyu ne ranar. Wani dattijo ne jagora, ya kai shekarun Baba, ba ya yawan magana. Kafin mu zo ya riga ya bi dajin ya kafa 'yan tutoci, yana da wani ɗan ƙarfe da yake karawa a ido ya auna gangara. Ni a tunanina hanyar keke ai daga sama ka miƙo ƙasa, shi kenan gudu. Ya ce a'a, in tudun yana gangarawa kashi 20 cikin 100 to hanyar da za ta ratsa gefensa kar ta wuce 10, rabi kenan, in ta wuce ruwan sama zai bar tudun ya kama hanyar ya mai da ita rafi. Kuma kar a yi ta a shafe, a ɗan karkata ta waje kamar kashi 5, sannan duk bayan 'yan taku a sa ta ɗan nitsa ta sake hawa don ruwa ya samu ƙofar fita. Wallahi tun safe har muka tashi ban ji ya ambaci keke sau uku ba, ruwa ruwa ruwa, kuma a ƙasar da ake ruwa kamar an ɓalle famfo ba ka ga laifinsa ba.

To ga inda na kwafsa. Ƙasar dajin nan hawa biyu ce, ta sama baƙa ce mai laushi, ruɓaɓɓen ganyen itatuwan ne da gansakuka da ƙananan saiwoyi, in ka taka kamar katifa. Sai ka kwashe ta duka ka jefar can nesa kafin ka kai ta ƙasa mai ruwan ɗorawa da tsakuwa, ita suke kira zinariya, har rami ake haƙawa a gefe a ɗebo ta a bokiti a zuba a daddaɓe, a mai da baƙar cikin ramin a rufe. Ni kuma ɗan manomi, tun ina yaro na san baƙar ƙasa ita ce dukiya, hannuna ya ƙi yarda in zubar. Da aka ba ni yankina, wajen taku goma, dattijon yana can gaba suna fama da wani dutse, sai na tara ta a bakin hanyar ta waje na yi mata kunya mai kyau irin ta gero, na bi da bayan shebur na lallashe, ni a dole na yi wa mahaya abin da zai tare su kar su zame. Har hoto na ɗauka.

Bayan sati biyu muka koma. Ko'ina ya tsane sai wurina, ruwa ya kwanta ya kai idon sawu, kunyar tawa ta zama madatsa, masu keke kuma, da suka fara bi tun ba a buɗe hanyar ba, da suka ga taɓo sai suka riƙa kaucewa ta sama, hanyar da faɗinta bai kai taku ɗaya ba ta koma uku, ga sawun taya ko'ina. Na tsaya kunya kamar in nitse. Dattijon ya zo ya duba, bai tambayi wa ya yi ba ko da yake ya sani, ya sa dugadugin takalminsa ya fasa kunyar a wuri ɗaya, ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya muna kallo, sannan ya miƙo min manjagara. Rabin yinin nan a kan gyaran taku goma na ƙare shi, na kwashe baƙar, na yi jigilar bokiti har kafaɗata ta daina ji.

Ina cikin jigilar ne na tuna hanyar da ke gangarawa rafi a bayan gonarmu, miƙe take sambal daga tudu, shanu suna bi mutane suna bi, yanzu kwazazzabo ne da zai haɗiye mutum a tsaye, kuma duk damina ana cewa ruwa ya yi ɓarna.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Safar hannu dole, ban sa ba ranar farko sai da tafina ya yi ƙuraje ya fashe. Kar ka tsaya kusa da mai sara da diga. Lokacin sanyi kafin ƙarfe 4 duhu ya fara, azahar da la'asar kusan a manne suke, sai na riƙa zuwa da leda ina shimfiɗawa ƙarƙashin itace, su kuma suna jira na da shayi. Da rani kuma wasu ƙananan ƙwari ne da ba su kai sauro ba amma sun fi shi naci, har cikin kunne.

Abin da mu goma sha biyu muke yi a yini bai kai mita 50 ba. Ranar da aka buɗe hanyar na hau na bi, ina ta zuba ido in ga yankina, kafin in taɓa birki har na wuce shi, sai da na jingine keken na dawo da ƙafa. Ruwa ake yi a lokacin, na tsuguna ina kallon yadda yake tsallake hanyar yana gangarawa cikin ciyawa, na ɗauki bidiyo na tura wa Baba. Amsarsa ta zo da daddare, wai in na dawo hutu diga tana nan a zaure.