Abin da na koya a sashen gwajin agogon wasa

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aikina na gwada manhaja a kamfanin da muke gina wasan intanet mai kwaikwayon ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, kuma tun da wasu daga cikin abokan aikina sun nemi in bar musu wani abu a rubuce, na ga ya fi dacewa in rubuta a kan batu ɗaya da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda injin wasanmu yake lissafin lokaci idan ƙungiya ta fyaɗa ƙwallo da ƙasa domin ta tsayar da agogo. Duk wanda ya yi aiki tare da mu ya san cewa masu wasanmu ba sa riƙe da maɓallin sarrafa 'yan wasa. Kowannensu koci ne, yana tsara dabarunsa tun kafin lokaci, sa'an nan injin ya buga wasan shi kaɗai ya fitar da sakamako. Saboda haka duk abin da injin ya ɗauka gaskiya ne game da agogo, shi ne ya zama dokar ƙasa ga kowa.

Dokar ainihi ba ta da wahalar fahimta. A gasar NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, ana ba masu kai hari dama huɗu su ci yadi goma, kowace ƙungiya tana da izinin dakatar da agogo sau uku a kowane rabin lokaci, kuma jifar da ba a cafe ba tana tsayar da agogo da kanta. Daga nan dabarar fyaɗawa ta samo asali: kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, yana tsayawa daf da ɗan tsakiyar layin gaba, da zarar an miƙo masa ƙwallo sai ya jefa ta ƙasa nan take, a lissafta ta a matsayin jifar da ba a cafe ba, agogo ya tsaya, ƙungiya kuma ta yi asarar dama ɗaya daga cikin huɗun. Idan ya yi jinkiri ko ya yi wata yaudara kafin ya jefa, sai ta zama laifin zubar da ƙwallo da gangan, a hukunta shi. Wannan duka injinmu ya san shi. Abin da bai sani ba shi ne duk abin da yake faruwa kafin a miƙo ƙwallon.

A tsarin da na tarar, idan koci ya zaɓi a fyaɗa bayan wasan da ya ƙare a cikin fili agogo yana tafiya, injin yana cire sakan ɗaya tak daga lokacin da ya rage, ko an ci yadi biyu ne ko an ci arba'in. Sakan ɗayan nan gaskiya ne, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin da ake biya. Tun daga lokacin da aka kayar da mai ƙwallo, dole 'yan wasa goma sha ɗaya su taso daga inda suke su isa sabon layi, ciki har da ƙartin gaba waɗanda yawancinsu sun haura kilo 130 kuma sun riga sun gaji. Dole alƙalin wasa ya karɓi ƙwallon da hannunsa ya ajiye ta a gurbinta, domin ba a yarda ɗan wasa ya ajiye wa kansa ba. Dole aƙalla mutum bakwai su jeru a kan layi, kuma kowa ya tsaya cak na tsawon sakan ɗaya kafin a miƙo. Agogo bai jira ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Na rubuta rahoto a kan haka, na haɗa da misalai biyu da babu mai musunsu. A ranar 16 ga Janairu 2022, Dallas Cowboys suna bayan San Francisco 49ers da maki 17 da 23, saura sakan 14, ba su da sauran izinin dakatar da agogo. Dak Prescott, kwatabak ɗin Dallas, ya ruga da ƙwallo yadi 17 ta tsakiyar fili ya zame, ya miƙa wa ɗan tsakiyarsa ƙwallon, alƙali ya kutsa tsakaninsu domin ya taɓa ta kamar yadda doka ta tanada, kafin a fyaɗa lokaci ya ƙare, aka fitar da su daga gasar. Sakan 14 ba su isa gudu ɗaya da fyaɗawa ɗaya ba, alhali a injinmu da sun sami ragowar da za su sake jefa ƙwallo cikin kwanciyar hankali. Misali na biyu daga wasan jami'o'i ne, wasan Rose Bowl na Janairu 2012, inda Russell Wilson na Wisconsin ya yi ƙoƙarin fyaɗawa saura sakan biyu, lokaci ya cinye, Oregon ta ci 45 da 38. A 2013 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta kafa doka cewa idan agogo zai tashi da alamar alƙali, sai da aƙalla sakan uku za a iya fyaɗawa a sake samun wani wasan. Na ba da shawarar a daina cire adadi ɗaya ga kowa, a ɗaure lokacin da nisan da aka ci, da gajiyar 'yan gaba, da ɗan bambancin da ba ya rasuwa wajen saurin alƙali.

Shugaban sashenmu bai karanta rahoton ba, ko kuma ya karanta layin farko ya tsaya, domin amsar da ya ba ni a taron bidiyo na mako ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin hujjojin ba. Ya yi murmushi ya ce ya fahimci cewa a ƙasarmu agogon ƙwallo yana ɗaure ne a hannun alƙali, yana tafiya har minti casa'in, sa'an nan a ƙara abin da aka ga dama, don haka ba laifi ba ne idan wannan wasan ya ɗan ruɗa ni. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ya rufe rahoton da alamar cewa ba matsala ba ce, ya mayar da ni gwajin launin riguna da jerin sunayen 'yan wasa. Gaskiya ne ban taso ina kallon wannan wasa ba, na koye shi ne daga littafin dokoki da tsofaffin bidiyoyi, da dare bayan an kawo wuta. Amma shi da ya taso a cikinsa ya saba ganin fyaɗawa a talabijin har ya daina lura da sakannin da suke zubewa kafin ta, ni kuwa da na zo daga waje na zauna na ƙirga su da agogon waya.

Masu wasa ba su daɗe ba suka gano ɓarakar, kuma abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin abin da na yi hasashe. Idan fyaɗawa tana tsayar da agogo da sakan ɗaya, to izinin dakatarwa guda uku ya rasa darajarsa, sai kociyoyi suka fara ƙone shi tun farkon rabin lokaci a kan abubuwan banza. Jifa zuwa gefen fili, wadda dalilinta shi ne mai cafewa ya fita waje agogo ya tsaya, ta ɓace daga dabarun mintuna biyu na ƙarshe, kowa ya koma jefa doguwar ƙwallo ta tsakiya inda tsaro ya fi sakaci. Masu tsaron da suka tsara dabarunsu bisa hankalin wasan gaskiya, wato su toshe gefe su bar tsakiya domin agogo ya yi musu aiki, su ne suka riƙa shan kashi. A wasan ƙarshe na babbar gasarmu wata ƙungiya ta ci fiye da rabin fili a cikin ragowar lokacin da bai kai sakan ashirin ba, ba tare da izinin dakatarwa ko ɗaya ba, ta fyaɗa sau biyu, ta buga ƙwallo tsakanin turaku ta ɗauki kofi da maki uku. Kashegari ƙorafi ya yi yawa, wasu suka soke rajistarsu suka nemi a mayar musu da kuɗinsu.

A taron gaggawa da aka kira, mutumin nan ya buɗe baki ya tambayi yadda aka yi sashen gwaji ya bar irin wannan ta wuce, yana kallon hotona a allo. Na manna lambar tsohon rahotona a akwatin saƙo na taron ban ce komai ba. Babu wanda ya buɗe shi a lokacin. Bayan mako biyu aka fitar da gyara, sanarwar tana ɗauke da sunansa, lissafin da ke ciki kuwa nawa ne, har da misalin Dallas da kuma wani kuskuren rubutu da na yi a sunan filin wasa wanda bai ko gyara ba. Ban kai ƙara ba, domin wanda zan kai wa ƙarar abokin karatunsa ne, kuma kwantiragina na wata-wata ne. Ina dai jin daɗi cewa duk wasan da aka buga a dandalin tun daga ranar, agogonsa yana tafiya ne da lissafin wanda aka ce wasan ya ruɗa shi.

Akwai rabi na biyu na batun wanda gyaran bai taɓa ba, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci ga wanda zai gaje ni. Ko an gyara lokaci, fyaɗawa tana cin dama ɗaya, kuma darajar damar nan tana canzawa da abin da ya rage a agogo. Idan saura sakan goma sha biyu kuma yanzu aka sami sabuwar dama ta farko, lokaci ba zai isa a yi amfani da dukkan huɗun ba, don haka zubar da ɗaya ba asara ba ce. Idan kuwa saura kusan minti ɗaya, wanda ya fyaɗa ya rage wa kansa jifa uku kafin ya shiga tsaka mai wuya zuwa biyu, ya kuma ba masu tsaro sararin numfasawa da canza 'yan wasa da sake tsara kansu, alhali tun da 'yan wasansa sun riga sun jeru a layi, kiran wasa na gaskiya a wurin ba zai ci masa fiye da 'yan sakanni a kan fyaɗawar ba. Kocin da injin yake naɗa wa ƙungiyoyin da ba su da mai su bai san wannan bambanci ba, yana fyaɗawa ne duk lokacin da agogo ya sauka ƙasa da wani adadi. Na kama shi yana fyaɗawa bayan mai ƙwallo ya riga ya fita waje agogo yana tsaye, na kuma kama shi yana yi a dama ta huɗu, wanda ke nufin miƙa wa abokan hamayya ƙwallo kyauta. Waɗannan biyun na toshe su. Auna darajar dama da ragowar lokaci yana nan yana jira.

Haka nan fyaɗawar ƙarya ba ta cikin injin sam. A ranar 27 ga Nuwamba 1994 Dan Marino na Miami Dolphins ya yi wa New York Jets alamar zai fyaɗa, masu tsaro suka saki jiki, ya jefa wa Mark Ingram a gidan ƙarshe inda ake cin maki, Miami ta ci 28 da 24. Muddin masu tsaro a wasanmu sun tabbata cewa duk alamar fyaɗawa gaskiya ce, ba su da dalilin zama cikin shiri, kuma wani ɓangare na tsoron da ke sa ƙarshen wasa ya yi daɗi ya tafi. Na kawo wannan shawara, aka ce za ta rikitar da masu wasa. Ba na tsammanin ita za ta rikitar.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. A rubuta rahoto a wurin da kowa zai gani, da kwanan wata, a kuma ajiye kwafi a waje. Kada a yarda a rufe rahoto da baki a taro ba tare da an rubuta dalili a ƙarƙashinsa ba. A gwada ƙarshen rabin farko kamar yadda ake gwada ƙarshen wasa, domin kurakuran agogo sun fi ɓuya a can inda ba a cika kallo ba. Wanda yake aiki daga gida Najeriya ya tanadi layin intanet na biyu kafin ranar fitar da sabon salo, domin idan ya ɓace daga taro na minti biyar, a cikin minti biyar ɗin nan za a yanke shawara a kansa.

Ga wadda za ta karɓi kujerata, rahoto mafi gaggawa da na bari a buɗe shi ne na cire sakan goma. A dokar NFL, idan masu kai hari suka yi laifin motsi kafin a miƙo ƙwallo a ƙarshen rabin lokaci agogo yana tafiya, ana iya zaftare sakan goma daga abin da ya rage, sai dai idan sun sadaukar da izinin dakatarwa, kuma idan ragowar ba ta wuce goma ba rabin lokacin ya ƙare a nan. A injinmu laifin yana tsayar da agogo ne kawai a ja su baya yadi biyar, ba a taɓa damarsu ba, wanda ke nufin ƙungiyar da ta yi laifi tana gaggawar fyaɗawa ta fi wadda ta yi daidai riba. Kociyoyi biyu sun riga sun fara sanya 'yan gaba marasa natsuwa a mintunan ƙarshe, kuma ba na jin sun yi haka ne bisa kuskure. Rahoton yana ɗauke da lambobin wasannin da abin ya faru, na kuma tura kwafinsa ga dukkan sashen tun kafin in nuna wa shugaba.