Koya wa sabon ɗan wasa tuƙin mota da kibod

Mu masu ɗakin wasannin kwamfuta, aikinmu ya wuce kunna na'ura da ƙirga lokaci. Wanda ya zauna a kan wasan tuƙi na intanet ya yi ta karo da bango na minti goma, tashi zai yi, kuma da wuya ya dawo. Shi ya sa koyar da maɓallai yake cikin sana'ar kai tsaye.

Abin da ake fara nuna masa shi ne inda yatsu za su zauna. Yawancin wasannin tuƙi suna karɓar maɓallan kibiya huɗu, ko kuma W, A, S, D: W totur, S birki da ribas, A hagu, D dama. A hannun hagu, yatsan tsakiya yana kan W, na zobe kan A, manuniya kan D, babban yatsa kan Space, wanda galibi shi ne birkin hannu, ƙaramin yatsa kuma yana kusa da Shift da Ctrl. Idan aka danna W mota ba ta motsa ba, a duba tsarin kibod ɗin. Na Faransanci, wato AZERTY, a wuraren nan Z, Q, S, D ne suke zaune, kuma a Windows danna Alt tare da Shift kan iya sauya tsarin ba tare da mutum ya lura ba.

Wahalar gaske tana wajen sitiyari. Maɓalli hali biyu kawai ya sani, a danne ko a sake, babu rabin juyi kamar na sitiyarin gaske. Wasan ne yake ƙara karkata tayoyi gwargwadon daɗewar yatsa a kan maɓallin. Sabon shiga sai ya danne A har motar ta wuce layi, ya firgita ya danne D, ta koma ɗaya gefen fiye da da, daga nan sai wutsiya ta kwashe. Maganinsa taɓawa gajera-gajera: a taɓa, a saki, a ga inda hancin motar ya nufa, a sake taɓawa. Kwana mai faɗi taɓawa jefi-jefi take so, matsattsiya kuma a jere da sauri. Haka totur ma. Mota mai ƙarfi wadda tayoyin baya ke turawa, idan aka danne mata W gaba ɗaya a tsakiyar kwana, tayoyin za su yi ta juyi a banza ta juya da mutum. A taka birki tun mota tana miƙe kafin shiga kwana, a saki, a karya, sai hanci ya fuskanci mafita sannan a ba ta wuta. Ga mai koyo muna barin giya a otomatik, mu kunna taimakon birki da na riƙe taya, mu sa shi a hanya ɗaya da mota ɗaya shi kaɗai har ya zagaya sau uku a jere bai taɓa bango ba. Kafin nan ba ma shigar da shi tseren jama'a, don ɓarnarsa kan wasu za ta faɗa.

Wasan manyan motoci ya fi yawan maɓallai. A Euro Truck Simulator 2, wanda kamfanin SCS Software ya fitar a 2012, E ke tada inji, Space birkin ajiye mota, Shift ƙara giya, Ctrl rage ta, L fitila, H hon, T haɗa tirela. Ba a zuba wa mutum waɗannan duka a zama ɗaya. Inji, birki da giya sun ishe shi ranar farko.

Da yawa daga abin da ake ɗora wa ɗan wasa laifinsa, na na'ura ne, kuma gyaransa a wuyan mai shago yake. Kibod mai araha ba ya iya karanta wasu maɓallai uku a tare, saboda yadda aka haɗa layukan wutarsa a ciki. Kibiyar sama da ta hagu da Space sun yi suna a kan wannan: mutum yana kwanar hagu ya ja birkin hannu, shiru. Gwajin mai sauƙi ne, akwai shafukan gwada kibod da ke haska duk maɓallin da ya shiga. Idan na ukun bai haska ba, a mayar da tuƙin kan W, A, S, D, ko a sauya wa birkin hannu maɓalli, ko a sayi kibod da ke karɓar aƙalla shida a lokaci guda.

Sai tarkon Windows. Danna Shift sau biyar a jere yana fito da akwatin Sticky Keys, wani saitin sauƙaƙa danna maɓallai, a tsakiyar wasa, mai hawa giya kuwa sai ya yi hakan. Riƙe Shift na dama daƙiƙa takwas yana kiran Filter Keys, saitin da ke sa kibod ya yi watsi da gajeren danni. Duka biyun a kashe gajerun hanyoyinsu a saitin kowace na'ura tun kafin a buɗe shago. A wasan da ake yi a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kuma kada a taɓa ɗora wani aiki a kan Ctrl, domin Ctrl da W rufe shafin suke yi ɗungurungum. Idan kibiya ko Space suna gangarar da shafi maimakon tuƙa mota, a danna linzamin kwamfuta a cikin hoton wasan sau ɗaya, sannan a danna F11 wasan ya cika fuskar kwamfutar.

Jinkiri ma iri biyu ne, bai kamata a gauraya su ba. Idan motocin wasu suna tsalle daga nan zuwa can, intanet ce, a zaɓi saba, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, mafi kusa, a bar Wi-Fi a jona waya. Idan kuwa motar mutum ce take makara bayan ya danna, a duba na'urar: a rage nauyin hoto har ya tsaya a kan hotuna 60 a daƙiƙa, a gwada kashe V-Sync, saitin da ke daidaita saurin hoton wasa da na fuskar kwamfuta. Mota mai gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 a daƙiƙa, don haka makarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa mita biyar ce, ta isa ta kai mutum bango.

Kowane mako muna cire W, A, S, D da Space mu share ƙarƙashinsu, domin su ne ke fara maƙalewa, kuma bayan kowane baƙo muna mayar da saitin maɓallai yadda yake, kada na gaba ya tarar da birki a inda ya san totur.