Filash ɗina da tsofaffin laftof ɗin Ikeja

Shekarata ta farko a shagon maigidana a Computer Village nan Ikeja, akwai wani filash da nake rataya a wuya kamar laya, Windows 10 ne a ciki. Duk wanda ya shigo ya ce kwamfutarsa na nauyi ko tana tsayawa, kafin ya ƙarasa magana na riga na ciro shi, magani ɗaya na sani wato fomat a ɗora sabo. Kullum da safe in hau danfo daga Agege in sauka Ikeja Along in ratsa cikin masu jan hannun mutane suna "Oga me za ka saya", ina jin kaina injiniya, alhali abin da na iya bai wuce danna gaba gaba ba har abu ya gama.

Wanda ya sauke min wannan girman kan wani Alhaji ne dillalin albasa a Mile 12. Ba ma shi ya zo ba, ɗansa ya aiko da wata HP EliteBook 8460p irin tokumbon nan mai jikin ƙarfe, Windows 7 ne a kanta. Ƙorafin yaron shi ne shafin banki ya fara yi musu gardama, Chrome kuma kullum sai ya rubuto cewa ba zai ƙara sabuntawa ba. Gaskiya ne kuma, Microsoft ta janye hannu daga Windows 7 tun Janairun 2020, shi kuma Chrome a farkon 2023 ya tsaya a lamba 109 ya ce daga nan ba ya gaba a kan Windows 7. To maigida ya fita sallah, ni kaɗai ne a shago, na tambayi yaron akwai wani abu a ciki ne, ya ce ba komai sai hotuna kuma suna wayarsa. Na goge faifan kaf na ɗora Windows 10, na karɓi kuɗi ina murna.

Washegari Alhaji da kansa ya zo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ya zauna a benci ya ce wa maigida, "Malam, akwai wata takarda a fuskar kwamfutar nan da nake rubuta wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya, wa ya rage, ita nake nema." Fayil ɗin Excel ne, a kan fuskar kwamfutar aka aje shi, lissafin bashin mutane na kusan shekara uku, kuma faifan ba a raba shi biyu ba balle a ce wani ɓangare ya tsira. Sai ya juyo ya kalle ni ya ce, "Yaro, da ka tambayi ɗana, shi yake bin mutane bashi ko ni?"

Kwana biyu na yi a kan Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, ina tono. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne gogewa ba ita ke kashe fayil ba, rubuta wani abu a gurbinsa ne ke kashe shi, ni kuma na riga na zuba Windows sabo da su Office da direbobi, wato manhajojin da ke sa na'urori aiki da Windows, a kai. An dai samu wani tsohon kwafi na watannin baya ya buɗe, sauran kuwa Alhaji da ƙwaƙwalwarsa da littafin yaransa ya haɗa. Maigida bai kore ni ba, amma ya cire filash ɗin daga wuyana ya jefa a durowa, wata guda ban taɓa fomat ba, aikina kawai kwafe kayan kwastoma zuwa wani faifai, kuma sai na buɗe kwafin a gaban mai shi ya gani da idonsa ya ce eh shi ne. Har yau haka nake yi, ko mutum ya rantse min ba komai a ciki.

A wannan watan na zaman horo ne na fara lura da abin da maigida yake yi kafin ya taɓa Windows, ashe yawancin nauyin da mutane ke kuka da shi ba na Windows ba ne sam. Tsofaffin laftof ɗin nan faifai mai juyawa ne a cikinsu, HDD, yawanci mai juyi 5400 a minti, ka ɗora masa Windows 10 sai ka buɗe Task Manager ka ga faifai ya tsaya a 100 cikin 100 ko ba ka buɗe komai ba, yana ta ƙurƙur kamar injin niƙa. Ka yi fomat sau goma bayan sati biyu zai koma gidan jiya. Amma ka cire shi ka saka SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ko da ƙarami ne mai gig 128 ko 256, kwamfutar da take ɗaukar minti uku kafin ta farka sai ta tashi kafin ka gama gyara zama. Wallahi ranar da na fara gani a kan wata Dell Latitude E6430 sai da na sake kashewa na kunna don ban yarda ba. Sai RAM, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, daga gig 4 a kai shi 8, shi ma da nasa tarkon, don DDR3 da DDR3L kamarsu ɗaya a ido kuma ramin su ɗaya, amma ɗaya wutar volt 1.5 yake ci, mai L ɗin kuma 1.35, laftof ɗin da ke son mai L ɗin in ka saka mata ɗayan sai ta yi maka shiru da baƙin sikirin ka zauna kana zargin bod, wato babban allon cikin kwamfutar. Sannan ƙura. Iskar Legas ga laima ga hayaƙin janareto, ka buɗe fanka ka tarar da wani abu kamar bargo ya toshe hanyar iska, man da ke kan firosesa ya bushe ya zama kamar alli, ina kwamfuta za ta yi gudu tana ƙonewa.

SSD ɗin ma sai an yi hattara a kasuwar nan, akwai wanda aka ci rabin ransa a Turai aka sa masa sabon kwali. Ni dai sai na jona na duba da CrystalDiskInfo na ga awa nawa ya yi yana aiki kafin in biya.

Sai rigimar Windows 11, wadda ita ce ta fi cin mu yanzu. Tun da ya fito a Oktoban 2021 ya zo da sharuɗɗansa, sai kwamfuta tana da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro, sai UEFI da Secure Boot, sabon tsarin tashin kwamfuta da tsaronsa, RAM aƙalla gig 4, wurin ajiya gig 64, firosesa kuma in Intel ce daga zubi na 8 zuwa sama, in AMD ce daga Ryzen 2000. To ka leƙa shagunan titin Otigba ka ga abin da talaka ke iya saya, EliteBook 840 G3 ne da ThinkPad T460 da Latitude E7470, duk zubi na 6, injina ne masu lafiya ƙalau amma Microsoft ta ce ba da su ba. Da can ba wanda ya damu tunda Windows 10 na nan, sai da 14 ga Oktoba 2025 ta zo aka rufe tallafinsa, sai wani ƙarin wa'adi na sabunta tsaro kawai da suka bayar zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Daga nan kowa ya shigo shago sai "Oga sa min sha ɗaya."

Ana iya sawa, ba wani sirri ba ne, Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filash da ita, yana da wani ɗan akwati da za ka danna ya tsallake binciken TPM da sauransu, duk yaron da ya yi wata biyu a kasuwar nan ya iya. Kuma a kan zubi na 6 ko na 7 da SSD da RAM 8 yana tafiya lafiya, ba zan yi ƙarya ba, tawa ma haka take. Abin da ba a faɗa wa kwastoma shi ne Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan kwamfutar sabuntawa ba, kuma babban sabuntawar shekara ba ya zuwa da kansa, sai an dawo an sake yi da hannu. Sannan ƙofar tana iya rufuwa kowane lokaci, mun gani da sabuntawar Windows 11 mai suna 24H2, masu tsohuwar firosesa Core 2 Duo da aka yi wa dabara a baya ko tashi ba ya yi a kansu saboda akwai wani umarni da firosesar ba ta da shi, nan babu Rufus ɗin da zai cece ka. Don haka ni in zan sa sai na zaunar da mutum na faɗa masa wannan duka, in ya ce ya ji ya yarda to bismilla.

Abin da ba na so, kuma ina faɗa ko a gaban waye, shi ne a ɗauki laftof zubi na 3 ko na 4 a tura mata Windows 11 da ƙarfi a goge ta da mai a ce wa ɗan'uwanmu da ya taho tun daga Alaba Rago ko Idi-Araba "ai sabuwa ce, ba ka ga Windows 11 ba." Wannan ha'inci ne kawai. Haka zancen Core i7, mutanenmu suna jin i7 sai su saki jiki, alhali i7 na 2011 ba ya kamo ƙafar i5 zubi na 8. Lambar da ke bayan sunan ita ake dubawa, in ka ga i5-6300U to shidan farkon nan shi ne zubin, in 8250U ne to na takwas ne. Na koya wa mutane da yawa wannan a tsaye a bakin shago, wani maƙwabcinmu har ya daina amsa min gaisuwa na kwana biyu.

Akwai kuma lokacin da zazzaɓin Linux, wato madadin Windows, ya kama ni, kowa ya zo sai na yi masa wa'azi. Kyauta ne, ba ya nauyi, ba ruwansa da TPM, duk gaskiya ne. Wani malamin Islamiyya a Agege ya kawo tsohuwar Lenovo na lallaɓa shi na sa masa Linux Mint, ya tafi yana sa min albarka, kwana uku ya dawo fuskarsa ba daɗi. Takardun jarrabawar yara da ya shekara yana shiryawa a Word, Larabci da Hausa a haɗe da tebur, da ya buɗe su a LibreOffice, madadin Word da ke kan Linux ɗin, sai layuka suka watse, rubutun da ya saba da shi babu, shafi ɗaya ya koma biyu, ga jarrabawa saura sati. Ya ce, "Ɗana, ni ban ce abinka ba shi da kyau ba, amma mayar min da wanda na sani." Na mayar, ban karɓi ko sisi ba, kunya ma ba za ta bar ni ba. Amma ƙanwar wani abokina da take karatu, ita abin da take yi bai wuce burauza da YouTube da buga aikin makaranta ba, Mint mai Xfce, wato marar nauyin, na sa mata a wata laftof mai RAM 4 da kowa ya ce a jefar, har yanzu tana kai ko sau ɗaya ba ta kira ni ba. Kwamfutocin nan biyu kusan sa'annin juna ne, masu su ne ba aikinsu ɗaya ba, ni kuma a lokacin injin kawai nake kallo.

Wani lokacin ma aikin shi ne kar ka taɓa. Wani mai buga kati da sitika ya kawo kwamfutarsa ta tebur mai Windows 7 wai a ɗaga ta zuwa sabon Windows, maigida ya tambaye shi me ke jone da ita, ya ce injin yankan sitika da wata tsohuwar sikana. Muka duba, direbobinsu a Windows 7 suka tsaya, kamfanin bai ƙara fitar da wani ba. Da na ɗaga da na mayar masa da injin da yake ci da shi kwalliyar shago. Maigida ya ce a sa mata SSD, a bar mata Windows ɗinta da CorelDraw ɗinta, a cire ta daga intanet gaba ɗaya, harkar banki da WhatsApp ya yi a waya, filash ɗin kwastoma kuma a riƙa duba shi kafin a soka. Mutumin ya ɗan ji haushi don shi sabo ya zo nema.

Ƙananan abubuwa kuma da suka ci min rai, batirin CMOS ɗan kwabo ɗin nan CR2032 mai riƙe agogon kwamfuta in ya mutu kwanan wata sai ya koma baya, burauza ta ƙi buɗe shafuka tana kukan tsaro, na taɓa sake ɗora Windows sukutum a kan wannan kafin in kalli agogon kusurwa. Sabunta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, kuma ba na yi sai batirin laftof na riƙe wuta ko an tada janareto, don na ga wadda NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya, ba ta ƙara ko ƙyafta ido ba sai da aka kai wa masu cire cif su rubuta da na'ura. Sai BitLocker mai kulle faifai, kafin in taɓa saitin BIOS ko in canza wani abu sai na tambaya ina makullin nan mai lamba 48, yawanci mutum bai ma san an kulle masa faifai ba, imel ɗin da makullin yake ajiye a ciki ma wani yaro ne a shago ya ƙirƙira ya manta.

EliteBook ɗin Alhajin Mile 12 tana nan da ranta, SSD muka sa mata daga baya da RAM 8, lissafinsa kuma yanzu kwafi biyu ne, ɗaya a filash da yake ajewa a aljihun 'yar ciki. Kwanaki ɗan ya sake kawo ta maratayin sikirin ya karye, yana ta naci a sa Windows 11 tunda abokansa duk shi ne da su. Na ce masa wannan zubi na 2 ce, ta 2011, ni ba zan sa ba sai na yi magana da mai ita. Na kira Alhaji na yi masa bayanin wa'adin Oktoban 2026, na faɗa masa abin da tokumbo zubi na 8 take yi a kasuwa a ranar. Ya yi shiru can ya ce, "Takardata tana buɗewa?" Na ce tana buɗewa Alhaji. Ya ce to a gyara maratayin kawai, zancen sabuwa a bari sai albasa ta yi kuɗi.