Sun gyara min gwiwa, na dawo ina ɗingishi

Shekara kusan 9 na yi ina fama da sanyin ƙashi a gwiwoyina biyu, guringuntsin da ke tsakani ya cinye tas ƙashi na gogar ƙashi, ƙafafun nan suka lanƙwashe kamar baka har idan na haɗa sawuna ɗan akuya zai iya bi ta tsakanin gwiwoyina. Ni malamin makaranta ne mai ritaya a nan Birnin Kebbi, kuɗin sallama da gudummawar yara muka haɗa aka yi min aikin sauya gwiwar dama a wani asibiti a Kano cikin 2023. Abin da suke yi shi ne su shafce bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda ya lalace su lulluɓe da ƙarfe, su sa wata roba mai tauri a tsakani. Aiki ya yi kyau Alhamdulillahi, ba ni da ƙorafi a kan wanga.

Sai dai ranar da na fara takawa sosai da abin dogarawan nan mai ƙafa huɗu na ji wani abu daban, kamar ƙafar dama a kan bulo take ta hagu kuma a cikin rami. Na yi shiru na ce ƙila kumburi ne. Muka dawo gida, sati uku, sati huɗu, abu na nan, idan na tsaya sai in ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Hajiya ce ta fara magana, ta ce Malam tafiyar nan taka ba ta yi min ba, ka ga yadda kake karkata kuwa?

To ka san mutanenmu da zuwa dubiya, kowa likita ne. Wani ya ce ai ƙarfen da suka sa maka ba naka ba ne, na dogon mutum ne, wani ya ce da Indiya ko Masar ka je da ba haka ba. Maganar ƙarfen nan ta zauna min a rai wallahi, na kwana ina lissafin kuɗin da suka tafi.

A nan na yi wautar da nake son ba ku labari. Maimakon in buga wa likita waya sai na aiki jikana wurin shumeka da takalmina na hagu, na ce a ƙara mishi tsawo. Da mi na auna? Da yatsu. Na ce kaurin yatsa biyu, mutumin nan ya yanko robar taya ya manna ya ɗinke, aikinshi ya yi tsaf, laifin na mai oda ne. Kwana biyun farko na ji daɗi har ina cewa na yi maganin abin da likitoci suka kasa, kafin sati biyu bayana ya riƙe, ƙugu na ciwo, gwiwar hagu da dama can lallaɓa ta nake ta kumbura, tashi daga kujerar da nake salla a kanta ma sai an kama ni.

Da muka koma asibiti a wata na 3 na shiga da takalmin nan a ƙafata. Yarinyar da ke sashen gashin ƙashi ta kalle shi ta kalle ni ta ce Baba wa ya rubuta maka wannan? Na ce ni. Ta kwantar da ni rigingine ta ɗauko tef irin na tela, ta auna daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa idon sawu na ciki, dama da hagu. Sannan ta tsayar da ni ba takalmi tana tura wasu 'yan siraran katakai ƙarƙashin ƙafar hagu ɗaya bayan ɗaya, hannunta a kan ƙuguna, har ya daidaita. Aka kuma yi hoton ƙashi ina tsaye. Bambancin bai cika santimita 1 ba. Ni kuwa abin da na manna ya haura santimita 2, wato na mai da gajerar ƙafar ita ce doguwa.

Bayanin likitan shi ne ya kwantar min da hankali, kuma da alli da allo na saba don haka na gane nan take. Ya ce Baba ɗauki sanda mai lanƙwasa ka miƙar da ita, ba za ta ƙara tsawo ba? Ƙafarka ta dama a lanƙwashe take ta gefe, kuma ba ta miƙewa sosai ta gaba, mun miƙar da ita, robar ta mayar da tazarar da guringuntsi ya bari, ita kuwa ta hagu tana nan a yadda take. Ba ƙarfen wani ba ne, girman ƙarfe a jikin ƙashinka ake auna shi a ɗakin tiyata. Ya ƙara da cewa rabin abin da nake ji ma ba tsawo ba ne, sabo ne, shekara da shekaru ƙugu da baya sun koyi tafiya a karkace, ga gwiwa da ta yi tauri ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata idan zan ɗaga ƙafa sai in ji tana jan ƙasa. Irin wanga yakan lafa cikin wata 3 zuwa 6, shi ya sa ba sa gaggawar ƙara wa takalmi komi. Bambanci ƙasa da santimita 1 ma mutane da yawa da shi suke yawo ba su sani ba, wanda ya kai 2 shi ne ake tsayawa a kai.

Sai yarinyar sashen gashin ƙashi ta koma kan motsa jiki, nan ma ashe ina da laifi. Filo nake sawa ƙarƙashin gwiwa idan zan kwanta don ya fi daɗi, ta ce a'a ƙarƙashin diddige za ka sa gwiwa ta sauka ta miƙe da kanta, ka riƙa matse naman cinya kana danna gwiwa ƙasa, ka riƙa jan diddige zuwa gare ka kana kwance. Akwai zafi ba ƙarya, amma na yi, safe da yamma, Hajiya na ƙirgawa kamar mai bin bashi.

Wajen wata na 7 na wayi gari na lura na je bakin titi na dawo ban tuna da wani bulo ko rami ba. Ɗan abin da ya rage sun ba ni wata siririyar roba ta milimita 6 da ake sawa a cikin takalmi ƙarƙashin diddige, matsalarta ɗaya, mu nan da zafin Kebbi wa ke yini da takalmi sau-ciki? Silifa ne a gida, masallaci kuma ba takalmi, don haka sai ranar da zan yi doguwar tafiya ko zuwa ɗaurin aure nake sa ta.

Likita ya ce idan aka yi ta hagu ita ma za ta miƙe, ana sa ran su zo daidai ko kusa da haka. Muna nan muna tara kuɗi, an ce kuɗin aikin ya tashi sosai daga yadda muka biya. Takalmin taya kuwa yana ƙarƙashin gado, jikana kan jawo shi ya zura ƙafa yana kwaikwayon tafiyata ta da, Hajiya ta ce a jefar na ce a bar min abuna.