iMac a shagon buga takardu: abin da ya zauna da abin da ya ƙi zama bayan barin Windows

Tun da Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu shagunan kwamfuta a Katsina suka shiga lissafi. Yawancin injinan da ake aiki da su tsofaffin HP ne da Dell na hannu, Windows 11 kuwa yana neman TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta, da injin Intel daga jeri na 8 zuwa sama. Shagonmu yana kan titin Dutsinma, hanyar ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Hassan Usman Katsina Polytechnic, aikinmu kuwa buga furojet ne, da katin biki, da kalanda, da fosta, da rajista ta intanet. Mun ɗora iMac, kwamfutar tebur ta kamfanin Apple, mai inci 24 a teburin zane. Ra'ayina a kai a gajarce: inji ne mai kyau ƙwarai, amma duk wanda ya sayar da kwamfutarsa ta Windows ta ƙarshe don ya saye shi, zai riƙa mayar da kwastoma.

Wanda muka ɗauka shi ne mai injin M4, wanda Apple ya fitar a ƙarshen 2024. Ƙaraminsa yana zuwa da RAM mai 16GB da ma'aji mai 256GB, a Amurka kuma daga dala 1,299 ya fara lokacin da ya fito. Kuɗinsa a naira sai yadda canji ya kwana. Komai yana cikin allon, kaurinsa milimita 11.5, babu akwati a ƙarƙashin tebur, babu wayoyi bakwai da ke harɗewa da ƙafar yaron shago. Ba a jin ƙararsa. Fayil ɗin kalanda mai hotuna goma sha biyu, irin wanda ke sa tsohuwar kwamfuta ta tsaya tana tunani, a nan yana buɗewa kafin kwastoma ya gama gyara zama. Abin lura tun a wurin saye shi ne RAM da ma'aji ba a ƙara su daga baya, a haɗe suke da injin. Abin da ka saya, da shi za ka rabu da shi. 256GB kuwa bai isa shago ba, sai an haɗa da ma'ajin waje, ɗaya na aiki, ɗaya na Time Machine mai ajiye kwafin komai.

A nan matsalar farko ta ɓulla, wato ramukan USB. Ƙaramin samfurin biyu kacal gare shi, duka USB-C, babban kuma huɗu. Babu tsohon rami mai faɗi ko ɗaya, babu na katin kyamara, babu HDMI. Filas ɗin da kwastomomi ke zarowa daga aljihu kuwa kusan duka masu faɗin baki ne. Don haka dole a sayi mahaɗi mai ramuka da yawa, zai fi kyau mai nasa adaftan wuta, domin mahaɗi mai arha kan saki ma'ajin waje ana tsakiyar kwafi idan an jera masa filas da sikana a lokaci guda. Gara mai shago ya daure ya sayi iMac mai ramuka huɗu. Shi ne kuma ke zuwa da ramin wayar intanet, wanda Apple ya sa a jikin adaftan wuta maimakon bayan allo.

Allon shi ne abin da ake biya wa kuɗi: ɗigo 4480 a faɗi, 2520 a tsaye. Ƙananan haruffan katin gayyata suna fitowa tas, wasali da shadda na rubutun Larabci ana ganinsu ba tare da zuƙowa ba. Sai dai kyawun nan yakan ruɗi mai zane. Allon yana nuna launuka masu faɗin da tawadar CMYK, wato launuka huɗu na injin bugawa, ba ta iya kaiwa, musamman kore mai haske da shuɗi mai ƙyalli. Uwar amarya za ta kalli allo ta ce "Malam, wannan koren nake so, irin na ankon," gobe kati ya fito da kore mai duhu. Maganin shi ne a kashe True Tone da Night Shift, saitunan da ke sauya launin allo da kansu, a rage hasken allo zuwa wajen rabi, a fara aikin a tsarin CMYK tun daga shafin farko, sannan a buga gwaji ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, kwastoma ya gani ya yarda. Gilashin kuma yana ɗaukar hoton duk abin da ke gabansa, kada a sa shi yana fuskantar ƙofar shago. Ƙafarsa sunkuyawa kawai take yi, ba ta hawa ba ta sauka. Dogon mutum sai ya sa masa rim ɗin takarda a ƙasa.

Hannun da ya saba da Windows yana buƙatar kwanaki. Command ya maye gurbin Ctrl a kwafi da liƙawa da adanawa. Maɓalli mai launin ja da ke kusurwar taga yana rufe tagar ne kawai, manhajar tana nan tana aiki. A Finder, wato wurin duba fayiloli na Mac, ba a yanke fayil, sai a kwafe shi da Command da C, a je inda ake so a danna Option da Command da V, sai ya ƙaura. Akwai ɗaya da ya kamata a rubuta a manna a gefen allo saboda masu zane: a CorelDRAW na Windows, Ctrl da Q shi ke mayar da rubutu ya zama zane kafin a kai wa mai buga fosta, a Mac kuwa Command da Q rufe manhaja yake yi gaba ɗaya. Har hannu ya saba, a riƙa bi ta jerin Object a zaɓi Convert to Curves. Linzamin Apple kuma ta cikinsa ake yi masa caji, idan ya mutu sai an kifa shi an jira. Linzami na yau da kullum mai waya ya fi dacewa da shago, haka ma kibod na PC mai lambobi a gefe don shigar da sakamakon jarrabawa a Excel. Yana aiki a Mac, maɓallin Windows ne ke zama Command.

Rubutun Hausa yana da nasa zancen. Hanyar da ba ta dogara da kowace manhaja ba ita ce a ƙara Unicode Hex Input a cikin saitin kibod, sai a riƙe Option a buga lamba: 0253 ya ba da ɓ, 0257 ya ba da ɗ, 0199 ya ba da ƙ, manyansu kuma 0181 da 018A da 0198. Mai buga dogon rubutu ba zai jure wannan ba, gara ya sa wa AutoCorrect na Word gajerun alamomi su riƙa juyewa da kansu. Inda aka fi shan wahala shi ne tsofaffin fayilolin sashen Hausa da aka buga da salon haruffa irin Rabi'at, inda aka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu alamomin kibod. Idan babu wannan salon a kwamfuta, sai ka ga alamar baka a inda ƙ ko ɗ ya kamata ta zauna, shafi guda kamar kaji sun bi ta kai. Ko dai a kwafo fayil ɗin salon daga tsohuwar kwamfuta a girka shi ta Font Book, ko a yi amfani da nema da musanyawa a mayar da kowace alama harafin Unicode, wanda shi ya fi, domin daga nan rubutun zai fito daidai a waya da intanet. Masu buga jarrabawar Islamiyya su zaɓi tsarin Arabic PC, shi ne ya yi daidai da jerin haruffan da suka saba.

Manhajoji: Word da Excel da PowerPoint suna nan, SPSS na ɗalibai yana nan, CorelDRAW ma ya dawo Mac tun 2019. Publisher da Access babu su. Tsohon katin da aka yi da Publisher ana iya buɗe shi da LibreOffice Draw, amma sai an sake daidaita jeri. A shirya biyan lasisi na gaskiya, da dala, a sa shi cikin lissafin kuɗin injin tun farko. A kuma tuna cewa masu manyan injinan buga fosta da sitika yawanci tsohon CorelDRAW suke riƙe da shi, don haka a adana fayil a tsohon zubi ko a kai musu PDF. Furojet ɗin da aka jera a Windows kan ɗan motsa idan an buɗe a nan, babi ya zame zuwa wani shafi, jadawalin abin da ke ciki ya saɓa. Wanda malaminsa ya riga ya sa wa hannu, a ce ya turo PDF. A duba girman takarda ma: injin da aka saita da yankin Amurka yakan zaɓi Letter, sai ƙasan shafi ya yanke. A mayar da yanki Najeriya, a sa A4 a Printers & Scanners.

Kan filas da ƙwayar cuta, a nan iMac ya biya wani ɓangare na kuɗinsa. Cutar nan da ke ɓoye folda ta bar gajerun hanyoyi na bogi, wadda ke yawo daga shago zuwa shago a lokacin furojet, ba ta aiki a macOS. Ɗalibi zai shigo hankali a tashe, "Oga, aikina duka ya ɓace." A sa filas ɗin, a danna Command da Shift da aya, ɓoyayyun folda su bayyana, a kwashe takardun, a goge filas ɗin a Disk Utility. Idan ba a goge ba, cutar tana nan kwance, za ta kama kwamfutar Windows ta gaba. A ɗaya gefen kuma, ma'ajin da aka tsara da NTFS, wanda shi ne yawancin manyan ma'ajin waje na masu Windows, Mac yana karanta shi amma ba ya rubutu a kai. exFAT ne ke tafiya a ɓangarorin biyu. Wasu injinan fotokwafi da rediyon mota FAT32 kawai suka sani, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce 4GB. Mac kuma yana barin 'yan ƙananan fayiloli masu farawa da aya da layin ƙasa, waɗanda mai saka karatu a mota zai gani kamar kowace sura ta zo sau biyu, ɗaya ba ta buɗewa. Umarnin dot_clean a Terminal, wato tagar buga umarni ta Mac, yana share su. Wayar Android ba ta bayyana a Finder idan an jona ta da waya, sai ta WhatsApp na kwamfuta ko manhaja irin LocalSend. Hoton iPhone mai HEIC kuwa Preview yana juya shi JPEG, yana rage nauyinsa zuwa abin da shafin rajista ke karɓa, ba tare da an girka komai ba.

Abin da ya ƙi zama gaba ɗaya shi ne tsofaffin na'urori. Firinta mai AirPrint, wato tsarin Apple na bugawa ba tare da direba ba, tana bayyana da kanta da zarar tana kan Wi-Fi ɗaya da kwamfutar. Tsofaffi irin LaserJet 1020, da shaguna da yawa ke riƙe da su saboda arhar tona, ba a yi musu direban Mac ba. Na'urar ɗaukar zanen yatsa da ake rajista da ita, manhajarta ta Windows ce. Wani zai ce a sa Windows a cikin Mac ɗin mana. Boot Camp, tsohuwar hanyar yin hakan, ya tafi tare da injinan Intel. Abin da ya rage shi ne manhaja irin Parallels, wadda ke tafiyar da Windows 11 na ARM, wato nau'in da ya dace da injin Apple. Manhajoji da yawa suna aiki a ciki, amma direban na'ura sai wanda aka rubuta don ARM, na waɗannan tsofaffin kuwa ba a rubuta ba. Shi ya sa muka bar kwamfutar Windows guda a teburin rajista, firintocin da sikana suna jikinta, aka buɗe folda ɗaya da injinan biyu ke gani. A yi zane a iMac, a jefa PDF a foldar, a buga daga can.

Wuta da zafi su ne jarrabawar Katsina. iMac ba shi da batir, ana ɗauke wuta ya mutu nan take. Adaftansa na watt 143 ne, yana karɓar bolt 100 zuwa 240, abin da yake ja a aikin yau da kullum kuma bai kai watt 100 ba, don haka ƙaramin UPS mai 650VA yana riƙe shi har a tayar da janareta ko a juya zuwa inbata, a kan sola ma ba ya cin batir kamar tsohon akwati da allonsa. Kada a jona firintar leza a UPS ɗin, jan da take yi lokacin ɗumama ya fi ƙarfinsa. Da damina a zare wayar intanet idan hadari ya haɗu, tsawa takan biyo ta nan. Apple ya ƙayyade masa zafin ɗaki daga digiri 10 zuwa 35, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ana wuce 40. Injin da fankarsa suna cikin haɓar da ke ƙasan allo, iska ta gefen ƙasa take bi, saboda haka kada a jibga takardu a wurin, a kuma sa fanka tana kaɗa masa da rana. Da hunturu a lulluɓe shi da yadi bayan an kashe, a goge gilashin da tsumma mai laushi, kada a fesa masa ruwa kai tsaye.

Gyara shi ne inda kwamfuta mai haɗe da allo ke nuna halinta. A tsohon tsari, allo ya mutu ka aro na maƙwabci, ka ci gaba da aiki. A nan gilashin manne yake da gam, buɗe shi sai an yanke mannen an sa sabo, kuma duk abin da ya lalace, injin gaba ɗaya ne zai bar shago, wataƙila zuwa Kano ko Abuja ko Computer Village a Ikeja. Mai niyyar sayen na hannu, misali mai M1 na 2021, ya sa a goge shi a gabansa, a jona shi da intanet, a bi matakan saitawa har ƙarshe. Idan ya nemi asusun Apple na wani, to yana kulle da Activation Lock. Idan ya nuna Remote Management, na wata ma'aikata ne da ba ta sake shi ba. Ko ɗaya daga cikin biyun ya bayyana, a mayar da kuɗi aljihu. A duba lambar jikinsa a shafin Apple don sanin ko garantin shekara ɗaya yana nan, a kuma tabbata adaftan wutar na asali ne, domin bakinsa na maganaɗisu ne da ba ya shiga da na kowace kwamfuta, ba kuma a samunsa a kowane shagon kayan wuta.